Amfilifayar da Ba Ta Ciwo a Kan Teburina

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau Dogo, mijin 'yata Auta, ya shigo shago da amfilifayarsa, na'urar ƙara sautin jita, a rungume kamar mai kai jariri asibiti. Shekara bakwai da auren 'yata, wannan ne karo na farko da ya kawo mini wani abu na sana'arsa, in dai kaɗa jita sana'a ce. Jitar ma ba irin wadda ake jin waƙa a bakinta ba ce. Mai tsirkiya huɗu ce masu kauri, wadda suke ce wa bes, ba abin da ta iya sai gurnani a ƙarƙashin kiɗan mutane.

Ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce sauti ne ke ɗaukewa ana tsakiyar waƙa, kamar an ɗauke wuta, can kuma ya dawo da kansa. Ya so ya ja dogon bayani, wai "Baba, abin da na lura shi ne..." Na ɗaga masa hannu. Shekara talatin da shida ina buɗe cikin rediyo da talabijin, ba makaɗi ne zai nuna mini inda ciwo yake ba. Na ce ya ajiye, ya dawo Alhamis.

Talata, 7 ga Oktoba

Na buɗe ta da safe. Gaskiya kayan da ne, mai nauyi, ƙarfe ko'ina, ba irin kwalayen yanzu ba da ake liƙewa da gam. Ko minti goma ban yi ba na ga abin: bakin da ake soka wayar jita ya saki, ga datti ya yi baƙi a ciki. Na wanke, na matse, na sa sabuwar dalma. Na jona mata rediyo da 'yar lasifikar da nake gwaji da ita a kan tebur, na bar ta tana yi tun daga labarun safe har azahar. Ko tari ba ta yi ba.

Tela maƙwabcina ya leƙo da almakashi a hannu, ya ce, "Injiniya, yau kuma gidan rawa ka buɗe mana?" Na ce ya shigo ya ga aiki, in ya so ya koma ya ci gaba da ɓata wa mutane yadi.

Tun da na buɗe shagon nan, abu bai taɓa fita daga hannuna ya dawo da ciwon da ya zo da shi ba. Wannan ba cika baki ba ne, layin nan duk shaida ne.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ya zo ya ɗauka. Ya kai hannu aljihu, na harare shi, ya mayar da hannun inda ya dace.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Sun zo mana wuni, shi da Auta da yaran biyu. Na tambaye shi amfilifaya. Ya ce, "Alhamdu lillahi Baba, da sauƙi, Allah ya ƙara girma." Na lura Auta ta kalle shi, shi kuma ya kalli tabarma.

Bayan sun tafi mai ɗakina ta ce ita dai ba ta ga fuskar wanda aka yi wa gyara ba. Na ce yaron haka fuskarsa take, tun ranar da na fara ganinsa kamar wanda aka aiko da saƙon rasuwa. Ta ce to.

Wannan "to" ɗin nata. Shekara arba'in, har yau ban saba da shi ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Ga Dogo kuma da amfilifaya. Wai ba komai, ya ce dai ko zan hure mata ƙura, tunda hannuna na da albarka. Hure ƙura! Kwana bakwai da na wanke ta tas. Na sha jinin jikina, amma ban nuna masa ba. Na ce ya kawo wayar jitar tasa, don rabin ciwon irin waɗannan kaya a waya yake, kuma makaɗa taka waya suke yi kamar igiyar shanya. Na auna da mita, na lanƙwasa ta nan, na murɗa ta can. Lafiya lau. Duk da haka na yanke kanta na sake liƙewa, don a san an zo wurin masu aiki.

Da ya tafi na sake buɗe ta. Na canja maɓallin ƙara murya, na canja 'yan batakan riƙe wuta biyu, waɗanda muke ce wa kwandansa, da ban yarda da fuskarsu ba. Na kunna ta daga ƙarfe goma har na rufe shago. Garau.

Ba dawowa ta yi ba. Wannan wani ciwo ne daban, in ma akwai shi.

Laraba, 15 ga Oktoba

Wuni guda kuma tana yi a kan tebur. Garau. Ya zo da yamma ya ɗauka.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Tela, wanda ba a haife shi da sakata a baki ba, ya ce jiya ya ga surukina a bayan babur da amfilifayar nan, ya shiga sabon ginin da masu gyaran wayar hannu suke. Waɗanda in abu ya ƙi kunnuwa sai su ce a canja fanel, wato allon da kayan ciki ke liƙe a kai, gaba ɗaya, ba su san ƙamshin dalma ba. Wai sun juya ta, sun ce ta tsufa, ya sayi sabuwa.

Na ce da tela ko a jikina. Na koma ciki na kama rediyon wani direba, na ƙona yatsana da ƙarfen liƙi, abin da na yi shekaru ban yi ba.

Ni zai tsallake ya je wurin waɗancan? Ni?

Lahadi, 19 ga Oktoba

Auta ta zo ita kaɗai, ba yara. Tun daga yadda ta ajiye jaka na san da magana. Wannan yarinya halina ta ɗauko kaf, shi ya sa ba ma daɗewa a ɗaki ɗaya.

Ta ce jiya a otal ɗin da su Dogo suke wasa duk Asabar, sauti ya ɗauke sau uku. Sau uku, a gaban mutane. Mawaƙiyar da ke da ƙungiyar, wadda suke kira Anti, ta ce ta gaji. Akwai wani mai bes da ke neman gurbin, da sabbin kayansa, kuma ta ce ya zo wurin atisaye ranar Alhamis. In amfilifayar Dogo ta sake ɗaukewa ranar, shi ke nan. Shekara tara yana tare da su, kuma da wannan kiɗan yake riƙe da gidansa.

Na ce to me ya hana shi faɗa mini? Ta ce, "Baba, wa ya isa ya ce maka gyaranka bai yi ba? Ya gwammace a kore shi." Na ce a kan teburina lafiyarta ƙalau, kwana uku ina gwadawa, in ta je hannunsa ta lalace sai a tambayi hannun. Ta ce, "A kan teburinka yake wasa?" Na ce ta iya bakinta. Ta ɗauki jakarta, ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Ka taɓa jin sa yana kaɗawa, ko sau ɗaya?"

Wannan ba tambayar da ɗa ke yi wa uba ba ce. Mai ɗakina tana zaune tana tsintar wani abu a faranti, ba ta ɗago ba, ta ce girman kai rawanin tsiya. Ban tambaye ta da wa take ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rubuta don ya zama na rubuta.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ban yi aikin kirki ba. Fanka ɗaya kawai.

Talata, 21 ga Oktoba

Na aika a kira shi. Ba don maganar Auta ba. Don dai ba na son a ce akwai na'urar da ta gagare ni a garin nan.

Na ba shi kujera, ya ƙi, ya tsaya. Na ce ya zauna mana, wuyana ya gaji da kallon sama. Na ce ya faɗa mini abin da ya lura, daga farko, kada ya rage komai. Ya yi tsuru-tsuru, sannan ya fara, yana ƙirga da yatsu. Ba ta taɓa yi a farkon wasa ba, sai an kai kamar rabin awa. Ba ta yi in yana kan ƙananan tsirkiyoyi, sai ya sauko kan babbar, mai kaurin nan. Ba ta yi in murya na ƙasa. Kuma in ya ɗan mare ta a ka, wani lokaci takan dawo.

Na ce a ina yake ajiye ta in yana wasa? Ya ce a kan akwatin lasifikarta. Na ce wane akwati? Ya nuna da hannu, ya kai ƙugunsa, shi da yake dogo. Ya ce mutum biyu ke ɗaukarsa, shi ya sa bai taɓa kawowa ba.

Nan take na gane ciwon. Zafi da girgiza. Duk wanda ya yi wata shida a sana'ar nan ya san abin da wannan ke nufi: akwai liƙin da ya tsage a ciki, in ta huce kuma tana zaune lafiya sai bakin ya haɗu, in ta yi zafi aka jijjiga ta sai ya buɗe. Ni kuwa na kwantar da ita a kan tebur mai shimfiɗar roba, na ba ta labarun rediyo da 'yar lasifikar da ba ta fi tafin hannu ba. Ina za ta yi ciwo?

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗi wannan tun farko ba?" Ya ce, "Laifina ne, Baba." Da na ba mai ɗakina labari, ta ce, "Ka bar shi ya faɗa?" Na ce ba ita na tambaya ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan gaskiya ne. Amma ai sai mai gyaran rufi ya hau.

Gobe zan je wurin atisayen nasu. Ban taɓa bin aiki gida ba, aiki ne ke biyo ni. Sau ɗaya ba ya zama ɗabi'a.

Laraba, 22 ga Oktoba

Wurin wani tsohon sito ne a bayan shagon masu kujeru. Ba taga. Sun manna kwalayen ƙwai a bango da tsofaffin darduma, wai don kada ƙara ta dami maƙwabta. Wayoyi a ƙasa kamar an zubar da taliyar ƙarfe, ganguna a lulluɓe da zani, fanka ɗaya mai kuka. Mu biyu ne kawai, sauran sai gobe.

Na cire murfin amfilifayar, na ɗora ta a kan akwatin yadda ya saba, na ajiye sukurorin huɗu a gefenta. Na ce ya kaɗa kamar yadda yake yi a otal, kada ya ji kunyata. Ya rataya jitar. Da ya taɓa babbar tsirkiyar nan, wallahi a ƙirji na ji ta kafin kunne. Ƙafar wandona na rawa. Na duba, sai ga sukurorina sun fara tafiya da kansu a kan akwatin, ɗaya har ya faɗo ƙasa. Wannan girgizar ce abar nan ke sha shekara da shekaru.

Na ja kujera, na sa hannun hagu a baya kamar yadda maigidana ya koya mini in ana aiki da wuta a kunne, na riƙe tsinken katako a dama, na jira. Minti ashirin. Talatin. Ba abin da zan yi sai kallonsa. Mutumin da in yana gabana ba ya iya haɗa kalma uku, a nan ya zama wani daban. Ido a rufe, kafaɗa a sake, yatsu biyu na tafiya a kan tsirkiya ba gaggawa, ba kuskure. Akwai tsari a abin, ba gurnani kawai ba ne. Na dai lura, a matsayin mai sana'a.

Minti talatin da bakwai ta ɗauke ɗif. Ya kai hannu zai mare ta, na daka masa tsawa, na ce ya ci gaba da kaɗawa ko ba sauti. Na fara bin kayan ciki da tsinke, ɗaya bayan ɗaya, ina ɗan dannawa. Shiru. Shiru. Na zo kan wata farar rezista babba, mai kamar guntun alli, wadda ke rage wa ɓangaren gaba wuta. Ina taɓa ta sauti ya dawo da ƙarfi har na kusa faɗuwa daga kujera. Na saki, ya ɗauke. Na danna, ya dawo. Dogo ya buɗe baki yana dariya kamar ƙaramin yaro. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai yau.

Na kashe, na jira ta sauke wutar cikinta, na juya fanel, na sa gilashin dubawa. Ga shi nan: zobe siriri kamar silin gashi ya zagaye ƙafar rezistar. Na kira shi ya gani da idonsa. Na tsotse tsohuwar dalmar, na kankare ƙafar har ta yi haske, na zuba sabuwa ta kwanta sumul tana ƙyalli. Na bi duk manyan ƙafafun da ke shan zafi na yi musu haka, na sa wa rezistar abin da zai riƙe ta kada ta ƙara rawa.

Awa biyu ya yi yana dukan babbar tsirkiya da murya a sama. Ko gezau. Waɗancan na sabon gini su zo su gani. Da tsohuwar zuma ake magani.

(Sau biyu na juya fanel ɗin nan a shago. Ban sa gilashi ba. Ina ganin idona ya isa.)

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na koma, don in ga yadda za ta yi da cikakken kiɗa. Mutum bakwai a ɗakin, har da sabon mai bes ɗin, da amfilifayarsa mai shuɗayen fitilu kamar motar amarya. Anti mace ce gajera mai kaifin ido, ba ta da wasa. Ta gaishe ni da ladabi, ba ta san ko ni wane ne ba, ta ɗauka mai sito ne.

Dogo ya ce mata an gyara. Ta ce, "Sau biyu kana ce mini an gyara, sau biyu ina jin kunya a gaban mutane. Anya ka kai ta ko'ina kuwa?" Ya ce ya kai. Ta ce, "Wurin wa? Faɗi sunansa, in san wanda zan hana mutane zuwa wurinsa." Ya sunkuyar da kai. Ta sake tambaya. Ya ce, "Ni ne ban yi bayani da kyau ba, Anti." Ta juya ta ce wa sabon ya jona kayansa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce wurina ya kai. Na faɗi sunan shagona da layin da yake. Na ce ranar farko ya zo da bayanin da zai kai ni kan ciwon cikin awa ɗaya, na hana shi magana. Na ce sau biyu na ba shi ita na ce ta warke, ba ta warke ba, shi kuma ya rufa mini asiri don 'yata yake aure. In akwai wanda za a kora a ɗakin nan, ni ne, sai dai ba a ɗauke ni aiki ba balle a kore ni.

Mai ganga ya yi dariya, ya haɗiye. Anti ta dube ni, ta dubi Dogo, ta ce, "To Baba, yanzu fa?" Na ce yanzu ta sa shi ya kaɗa har gobe in tana so, in ta ɗauke, ta rubuta sunana a ƙofar otal.

Awa biyu da rabi suka yi, Dogo ne a kan bes. Ban ji waƙa ko ɗaya ba, idona na kan 'yar jar fitilar amfilifayar, gumi har cikin takalmi. Da aka wuce minti talatin da bakwai na saki numfashi. Ba ta ɗauke ba.

Anti ta naɗe wayar makirufo, ta ce da Dogo, "Asabar ƙarfe huɗu, kada ka makara." Shi ke nan abin da ta ce. Sabon ya tattara kayansa, mutumin kirki ne, ya ba Dogo hannu. A bakin ƙofa ya tambaye ni kwatancen shago, wai tasa ma tana wani ɗan zuzu.

Dogo ya rako ni titi, ya fara "Baba..." Na ce ya je ya kwashe wayoyinsa kada a taka.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Tela ya riga ya ji, ban san ta ina ba. "Injiniya, an ce jiya ka yi wa'azi." Na ce wandon da na ba shi tun watan jiya fa? Ya koma shagonsa.

Auta ta bugo waya. Ba ta ce komai a kan maganar ba, ta tambayi ƙafata, ta tambaya ko ina shan maganina. Ta daɗe ba ta kashe ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na rufe shago da wuri na je otal ɗin da jakar kayan aiki, saboda ko da wani abu. Gyara irin wannan sai an bi shi. Mai ɗakina ta ga na sa sabuwar riga, ta ce ashe rezista ma tana son kwalliya. Ban kula ta ba.

A farfajiya suke yi, ƙarƙashin rumfa, mutane cike da kujeru. Na zauna can gefe kusa da akwatin lasifika, inda zan ga fitilar. Ban buɗe jakar ba. Gaskiya bayan waƙa ta uku na manta da fitilar ma.

Wani dattijo da ke kusa da ni ya sunkuyo ya ce ko ni ma cikin ma'aikatan wurin nake, ganin jaka. Na ce a'a, mai bes ɗin can, dogon, surukina ne. Ya sa hannu a kunne, ya ce bai ji ba, kiɗa ya yi ƙarfi.

Sai da na faɗa sau uku. Na ukun har na teburin baya suka juyo.